Idon Hukuma A Falgore Da Ɗansoshiya: Ina Iyakar Leƙen Asiri A Musulunci?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda babu abin da ke ɓuya gare Shi a sama ko a ƙasa, kuma duk da haka Ya rufa wa bayinSa asiri. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora, ta ratsa Tudun Wada da Doguwa ta nufi Jos, ya san abin da ake nufi in an ce dajin Falgore. Shekaru da yawa direbobi ba su yarda magariba ta same su a cikinsa ba, saboda 'yan fashi da ɓarayin shanu, daga baya kuma masu satar mutane don neman kuɗin fansa. Abin ya kai har a shekarar 2017 rundunar sojan Nijeriya ta shiga dajin da atisayen da ta kira Harbin Kunama na biyu, aka mai da wani sashe nasa filin horar da soja. A 2020 kuwa gwamnatin Jihar Kano, a ƙarƙashin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, ta buɗe rugar zamani a dajin Ɗansoshiya cikin ƙaramar hukumar Kiru, domin makiyaya su zauna wuri guda, a san su, a san dukiyarsu. Ita dai wannan gwamnati ta sha bayyana cewa ta kafa kyamarori a manyan titunan birnin Kano, da ɗakin da ake kallon abin da suka ɗauko, ta kuma sama wa jami'an tsaro na'urar bin sawun wayar hannu, ta kai kayan sa ido har Falgore.

Babu mai hankalin da zai yi baƙin ciki da wannan. Manomin Doguwa da ya kwana bai ji ƙarar bindiga ba, da matar da mijinta ya komo daga cin kasuwa lafiya, ba su da abin cewa sai hamdala. Amma fa akwai tambayar da ya wajaba malamai su yi tun da sauran lokaci, domin idon da aka kafa don daji yana iya juyowa gari, kunnen da aka kasa don ɓarawo kuma yana iya jin zancen miji da mata. Tambayar ita ce: a ina Shari'a ta halatta wa hukuma ta sa ido, kuma a ina ta ce mata ta runtse?

Asalin hukunci dai hani ne. A cikin Suratul Hujurati, aya ta 12, Allah Ya jero abubuwa uku Ya hana muminai: yawan zato, da binciken asirin juna, wanda Larabawa ke kira tajassusi, da kuma giba, watau yi da mutum a bayan idonsa. Malaman tafsiri sun lura cewa ba haka kawai aka jero su bi da bi ba. Zato ne ke fara shiga zuciya, sai ya hana mai shi sukuni har ya tashi bincike, in ya binciko kuwa bakinsa ba ya iya riƙewa. A Suratun Nuri, aya ta 27 da ta 28, an hana shiga gidan da ba na mutum ba sai da neman izini da sallama, aka kuma ce in an ce masa ya koma, to, ya koma. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana dalilin wannan doka a ranar da ya ga wani yana leƙen ɗakinsa ta wata kafa. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa ya yi fushi ƙwarai, ya kuma sanar da mutumin cewa saboda ido aka shar'anta neman izini. Ke nan abin da ake karewa shi ne kada a ga abin da mai gida bai so a gani ba. Ko da ƙafa aka shiga, ko ta kafar ƙyaure aka leƙa, ko daga sama da jirgi maras matuƙi mai ɗauke da kyamara, illar guda ce, hukuncin kuwa yana bin illarsa. Ya kamata a tuna cewa yawancin gidajen Kiru da Bebeji tsakar gida ce a buɗe, babu rufi, nan mata ke daka da wanki da shayarwa ba tare da mayafi ba, domin sun dogara da katanga da zana. Katanga kuwa ba ta tare abin da ke shawagi a sama.

Haka kuma kunne. Buhari ya ruwaito cewa wanda ya kasa kunne ga zancen mutane alhali suna ƙin ya ji, za a zuba masa narkakkiyar darma a kunnuwansa ran Alƙiyama. A wancan zamani sai mutum ya raɓe a gindin bango kafin ya ji. A yau yana iya zama cikin ofis mai sanyi a Abuja ya ji abin da ake faɗa a Ɗansoshiya, kuma nisan bai rage komai daga nauyin laifin ba.

Wani zai ce ai wannan hani ga talakawa ne a tsakaninsu, hukuma kuwa tilas ta san abin da ke gudana. Lalle wannan kuskure ne, domin akwai hadisan da shugaba suka nufa kai tsaye. Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'awiya cewa Annabi ya gargaɗe shi, in ya bi diddigin aibobin mutane zai ɓata su, ko ya yi kusa da ɓata su. Abud Darda'i ya ce kalma ce Mu'awiya ya ji, Allah Ya amfane shi da ita a mulkinsa. A wata ruwayar kuma an ce duk sa'ad da sarki ya shiga neman abin tuhuma a cikin jama'a, to, ya lalata su. Ɓacin da ake nufi a bayyane yake ga duk wanda ya zauna a garin da tsegumi ya yi yawa. Maƙwabci ya daina sakin jiki da maƙwabci, mai gaskiya ya koyi ɓoye-ɓoye, malami ya riƙa auna kalmominsa a kan mumbari don tsoron wanda ke cikin sahu, mai ƙaramin laifi da aka tona shi kuma ya ce tun da an riga an sani, babu sauran kunya. Dattawan Kano da suka ga zamanin 'yan doka da rikicin NEPU da NPC a shekarun 1950 sun san yadda ɗan rahoto guda ke iya raba unguwa. Waɗanda suka ga hukumar NSO, wadda aka kafa a 1976 bayan kisan Janar Murtala Muhammad aka kuma rushe ta a 1986, su ma suna da abin tunawa, musamman lokacin Doka ta 2 ta 1984 da ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba. Duk wannan an yi shi ne da kunnen ɗan Adam da takarda da alƙalami. To, ina ga yau da kowane mutum ke yawo da ɗan rahotonsa a aljihu?

Sahabbai sun fahimci wannan iyaka, sun kuma tsaya a kanta ko da abin ya yi musu ɗaci. An ruwaito cewa wani dare Sayyidina Umaru yana sintiri a Madina tare da Abdurrahmani ɗan Aufu, sai suka hango fitila a wani gida, suka ji hayaniya irin ta mashaya a bayan ƙofa rufaffiya. Umaru ya tambayi abokin tafiyarsa abin da ya gani, shi kuwa ya amsa cewa a ganinsa su ne suka aikata abin da Allah Ya hana, domin sun yi tajassusi. Sarkin Muminai bai yi gardama ba, ya juya ya bar su. Abdullahi ɗan Mas'udu ma, da aka zo masa da wani aka ce gemunsa na ɗigar giya, ya ce an hana su bincike, amma in wani abu ya bayyana za su kama mutum da shi. A lura, giya haramun ce mai haddi, Umaru kuwa ba mutum ne mai sassauci ga saɓon Allah ba. Abin da ya hana shi shiga shi ne ƙofar a rufe take, kuma cutar abin ba ta ƙetare mazauna ɗakin ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mabuɗin mas'alar. Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan hijira, ya yi bayani a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa mai hisba ba shi da ikon binciko haramun ɗin da aka ɓoye, ko yaye suturar da aka rufa, sai fa a hali guda: in amintacce ya ba shi labarin ɓarnar da in ta auku ba a iya gyara ta, kamar a ce wani ya keɓe da wani don ya kashe shi. A nan ya halatta ya yi bincike, ya kutsa, don kada a makara. Satar mutum, da tare hanya, da kai hari ƙauye da dare, duk suna cikin wannan babi, har ma sun fi misalin da ya kawo tsanani, domin hiraba ce. Saboda haka bin sawun wayar da aka kira aka nemi kuɗin fansa da ita halal ne, kuma in babu wata hanyar ceton ran sai ita, ya zama wajibi a kan hukuma. Mutanen Kano ba su manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a Disamba 2021 ba, wadda jami'an tsaro suka bi sawun mai neman fansarta har suka kama shi a Janairu 2022, ya kasance mai makarantar da take karatu ne, Babbar Kotun Jiha ta yanke masa hukuncin kisa a Yuli na wannan shekara. Babu malamin da zai ce an keta wa wannan mutum haddi don an bi diddiginsa.

Haka nan sa ido a kan abokan gaba sunna ce. Annabi ya aika masu leƙo labarin ayarin Ƙuraishawa kafin Badar, ya kuma aiki Huzaifa ɗan Yamani cikin dare ya shiga sansanin rundunonin ƙawance a yaƙin Handaƙu, shekara ta 5 bayan hijira. Kyamarar da aka kafa a kan hanyar Falgore tana kallon kwalta da bakin daji, wuraren da kowa ke bi a fili, aikinta ya fi kusa da aikin mai gadin iyaka, wanda Shari'a ta yi wa alkawarin lada mai yawa.

Amma ƙissar da ta fi dacewa da wayar hannu ita ce ta Haɗibu ɗan Abi Balta'a. A shekara ta 8 bayan hijira, ana shirin buɗe Makka a asirce, sai wannan sahabi ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su, ya ba wata mata ta kai. Allah Ya sanar da ManzonSa, shi kuwa ya tashi Aliyu da Zubairu da Miƙdadu, ya faɗa musu wurin da za su same ta, Raudatu Hahin, da abin da za su karɓo. Suka riske ta, ta musa, suka matsa mata har ta ciro takardar daga cikin kitsonta. Ga shi nan an tare wasiƙa a hanya an karanta, da umarnin Annabi kansa. Sai dai a duba yadda aka yi. Labarin tabbatacce ne, ba jita-jita ba. Mutum guda aka nufa, a wuri sananne, don abu guda. Ba a tare dukan matafiyan da suka fita Madina a ranar aka zazzage kayansu ba. Da takarda ta zo hannu kuma, ba a yanke hukunci da ita kaɗai ba, sai da aka kira Haɗibu aka tambaye shi abin da ya kai shi, ya faɗi uzurinsa game da iyalinsa da ke Makka ba su da dangin da zai kare su, aka saurare shi. Sayyidina Umaru ya nemi izinin sare wuyansa, Annabi ya hana, ya tuna masa cewa mutumin ya halarci Badar. In wanda wahayi ke sauko masa ya tsaya ya ji ta bakin wanda ake tuhuma, ina dalilin wanda allon kwamfuta kaɗai ya gani?

A nan ne lamarin ya shafi makiyayin Ɗansoshiya da manomin Tudun Wada kai tsaye. Tun Disamba 2020 Gwamnatin Tarayya ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, a Afrilu 2022 kuma aka hana miliyoyin layukan da ba a haɗa ba yin kira. Manufar ita ce a san mai kowane layi. Amma duk wanda ya san zaman karkara ya san cewa waya a ƙauye ba ta mutum guda ba ce. Tsohuwa tana amfani da layin da jikanta ya yi rajista da sunansa. Makiyayi yana barin wayarsa wurin mai caji a kasuwa tun hantsi har la'asar, cikin wayoyi hamsin. Baƙo yana roƙon aron waya ya kira gida, a ba shi, domin hana shi rowa ce. Ana sayen waya ta hannu a kasuwa ba a san hannun da ta fito ba. Dillalin shanu kuwa lambar kowa tana wayarsa, na kirki da na banza, domin sana'arsa ke nan. Na'ura tana iya nuna cewa wannan layi ya kira wancan sau uku, kuma yana kusa da ƙarfen sabis kaza a daren kaza. Ba ta san wanda ya riƙe wayar ba, ba ta kuma san ko cinikin maraƙi aka yi ba.

Saboda haka abin da na'ura ta nuna, a ma'aunin fiƙihu, alama ce, wadda malamai ke kira ƙarina. Malikawa ba su yar da alama ba. Ibnu Farhun, wanda ya rasu a shekara ta 799 bayan hijira, ya yi dogon bayani a kanta a littafinsa Tabsiratul Hukkami, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa. Amma alama tana buɗe ƙofar bincike ne kawai, kuma aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarci muminai su tabbatar da labari kafin su afka wa mutane cikin jahilci su wayi gari suna nadama. Malaman nan sun kasa waɗanda ake tuhuma kashi uku: wanda aka sani da kirki, ba a taɓa shi da tuhuma kawai, wanda ba a san halinsa ba, ana iya tsare shi gwargwadon a bincika, sai wanda ya shahara da ɓarna, shi ne ake tsananta wa. Halin mutum ne ake dubawa a wannan rabo, wanda mai unguwa da arɗo da limamin garinsu za su iya ba da shaida a kai. Kasancewar mutum Bafillace mai sanda da buta ba ta sa shi a kashi na uku. Wannan magana tana bukatar a faɗe ta a fili, domin makiyayan da suka amsa kiran gwamnati suka zauna wuri guda, aka rubuta sunayensu, su ne suka fi sauƙin kamawa, alhali ɓarawon na gaske ya jefar da layinsa a rafi ya yi gaba. In ya zamana wanda ya yarda a san shi shi ne ke kwana a caji ofis duk ran da aka yi ɓarna, to, an koya wa sauran cewa ɓuya ta fi amfani.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ake kuka da ita a ƙasar nan, ta kama matar wanda ake nema, ko ƙaninsa, ko abokin da ya fi yawan kira, a tsare shi har wancan ya fito. Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama, ciki har da An'ami da Isra'i da Najmi, cewa rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani rai. Dokar ƙasa ma, watau dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, ta hana kama wani a madadin wani. Jerin sunayen da ke cikin wayar mutum ba jerin abokan laifinsa ba ne.

Daɗin daɗawa, kayan da aka saya da kuɗin jama'a don ceton rai amana ne, kuma ba a juya amana zuwa biyan bukatar masu mulki. A Nuwamba 2022 an bi sawun wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kama shi, aka kai shi Abuja, aka gurfanar da shi a kotu har aka tsare shi a kurkukun Suleja, saboda wata magana da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na wancan lokaci. A farkon Disamba aka janye ƙarar bayan jama'a sun yi ca. Addini bai yarda da cin mutuncin kowa ba, babba ko yaro, kuma wanda aka ɓata wa suna yana da hakkin kai ƙara. Amma iyayen da 'ya'yansu ke hannun 'yan bindiga a dazuzzukan Zamfara da Katsina da Kaduna a wannan lokaci, suna sayar da gona suna biyan fansa ta hanyar waya, suna da hakkin su tambaya yadda aka yi aka gano mai rubutu guda a cikin dubban ɗalibai, aka kasa gano mai kiransu kullum safiya. Huzaifa, wanda Annabi ya aika leƙen asirin abokan gaba, shi ne kuma da aka ce masa wani mutum yana kai zancen mutane wurin Halifa Usmanu, ya ruwaito cewa mai tsegumi ba zai shiga Aljanna ba. Ya san aikin nan biyu, ya kuma san ba ɗaya ba ne.

Dokokin Nijeriya, a rubuce, ba su yi nisa da abin da malamai suka faɗa ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya lamunce wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da zancensa ta waya, sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita wannan da doka saboda tsaro da lafiyar jama'a. Ƙa'idojin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fitar a 2019 sun ce sai da takardar izini daga alƙali ake sauraren waya, sai in akwai haɗarin gaggawa ga rai, a nan ana iya farawa amma a nemi izinin cikin sa'a 48. Wannan ya yi kama ƙwarai da togaciyar Mawardi. A Yuni 2023 kuma an sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a. Tun a Oktoba 2020, lokacin zanga-zangar neman rushe rundunar SARS, Sufeto Janar na 'yan sanda ya hana jami'ansa binciken wayoyin mutane a kan hanya ba tare da izini ba. Matsalar dai ita ce mutumin ruga bai san da waɗannan ba, in ma ya sani ba shi da lauya. Kuma jama'a ba su da wata hanyar sanin sau nawa aka nemi izinin alƙali a shekara, sau nawa ya hana, wane ne ke riƙe da hotunan da kyamarori suka ɗauka, kwana nawa ake ajiye su, wa aka taɓa hukuntawa don ya sayar da sirrin wani.

Shehu Magili, a wasiƙar nasiha da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kwaɗaitar da sarki ya san halin ƙasarsa da na abokan gabansa. Amma abin da ya fi nanatawa a cikinta shi ne cewa babbar musiba ita ce sarki ya shige bayan shamaki talakawansa su kasa kaiwa gare shi. Na'urorin zamani suna iya kawo wani hali da ya fi wannan muni, watau shugaba yana ganin kowa har cikin ɗakinsa, shi kuwa babu mai ganin abin da yake yi da abin da ya gani. Misali ma yana nan a Abuja, inda a 2010 aka ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 ta kayan sadarwar tsaro da kyamarori, mafi yawan kuɗin bashi ne, sa'an nan aka wayi gari kyamarorin ba sa aiki, har Majalisar Wakilai ta zauna bincike. Talaka bai samu tsaron ba, bashin kuwa yana wuyansa. Wanda ya nemi jama'a su buɗe masa wayoyinsu, lalle ne shi ma ya buɗe musu littafin lissafinsa.

Ba hukuma kaɗai wannan wa'azi ya shafa ba. Mijin da ke ɗaukar wayar matarsa in ta shiga wanka, da saurayin da ke naɗe muryar abokinsa a ɓoye ya watsa ta a WhatsApp, da wanda ke ɗaukar hoton mai laifi ya yaɗa kafin a kai gaban alƙali, duk suna ƙarƙashin ayar nan ta 12. Muslimu ya ruwaito cewa Annabi ya hana matafiyi ya faɗo wa iyalinsa da dare yana neman kama su da ha'inci. 'Yan Hisba na Jihar Kano, waɗanda doka ta kafa hukumarsu a 2003, su ne magadan mai hisbar da Mawardi ya yi magana a kansa, don haka iyakarsa ita ce iyakarsu: abin da ya fito fili nasu ne su hana, abin da ke cikin wayar mutum a aljihunsa kuwa yana cikin hukuncin ƙofar da Umaru ya bari a rufe.

Mafi munin masu leƙen asiri duka shi ne wanda ke zaune cikin gari yana ci yana sha da mutane, yana kuma kiran 'yan daji yana gaya musu wanda ya sayar da shanu yau, da wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga birni, da daren da 'yan sintiri ba su fita ba. Wannan abokin tarayya ne a cikin kowane jini da aka zubar ta dalilinsa. Kada kuma wani ya ɗauka cewa rufa masa asiri yana cikin suturar da addini ya yi umarni da ita. Sutura ta mai saɓo ce wanda cutarsa ta tsaya a kansa. Muslimu ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa Annabi ya la'anci wanda ya ba mai ɓarna mafaka. Wanda ya san irin wannan mutum a Kiru ko Bebeji ko Doguwa da sani na haƙiƙa, wajibi ne ya kai maganar ga dagaci ko hakimi ko jami'an tsaro, ya faɗi abin da idonsa ya gani da wanda kunnensa ya ji, ya bambanta su da abin da yake zato. In kuwa rikicin gona ne ko na aure ke tsakaninsu ya sa ya rataya masa sunan ɗan leƙen asirin ɓarayi, alhali ya san abin da 'yan sa kai ke yi wa wanda aka kira da wannan suna, to, shaidar zur ya yi, kuma in an kashe mutumin yana da kaso a cikin jininsa.

Shi kuwa jami'in da aka ɗora a kan na'ura, Musulmi ne shi ko waninsa, yana jin abubuwa da yawa da ba su ya fita nema ba: bashin wannan, rashin lafiyar wancan, saɓanin wata da kishiyarta. Hukuncinsa hukuncin likita ne da mai wankan gawa, waɗanda larura ta ba su damar ganin al'aura gwargwadon aikinsu, aka kuma haramta musu faɗin abin da suka gani. In mai gidansa ya umarce shi ya saurari wayar ɗan jarida, ko abokin hamayyar siyasa, ko malamin da ya soki gwamnati a wa'azi, ba tare da tuhumar laifi ko izinin alƙali ba, wannan umarni ne da saɓo, kuma malamai sun haɗu a kan cewa ba a yi wa shugaba biyayya a cikinsa. In kuma wani attajiri ya miƙa masa kuɗi don ya nemo masa inda mai bashinsa yake, ko wanda tsohuwar matarsa ke kira, kuɗin rashawa ne, cinsu haramun ne, kuma tubansa ba ya cika sai ya mayar da su ya nemi afuwar wanda ya tona.